Katakon da Ya Ƙi Hawa Shafi

Shekara arba'in da ɗaya Mai Buroshi ya yi yana rubuta sunayen mutane a saman ƙofofin shagunansu. Nasa sunan kuwa tuni ya ɓace a bakin mutanen layin. Ko matarsa idan ta aiko a kira shi, cewa take yi a kira mata Mai Buroshi. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma a ƙarƙashin farcensa akwai shuɗin fentin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi.

Ya koyi sana'ar yana ɗan shekara goma sha bakwai, a hannun wani tsoho mai rubutu a jikin motocin haya. Wata bakwai ya yi yana zana da'ira da alli a ƙofar gareji, tsohon yana zuwa ya goge da hannun riga, ya wuce. Ran da ya zo ya duba ya wuce bai goge ba, ran nan aka ba shi buroshi. Daga nan ya rubuta allunan kantuna, da ƙofofin makarantu, da bayan manyan motoci, da sunan wani ƙaramin asibiti da ya sabunta sau uku a cikin shekara talatin. Ba ya sa sunansa a ƙasan aiki. Ya ce wanda ya san rubutu zai gane hannun, wanda bai sani ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba.

Shagonsu ɗaki biyu ne. Na gaba na ƙanensa ne, wanda kowa ke kira Manaja, kuma a nan injin buga bana, wato allon talla na leda, yake, yana huci yana fitar da leda mai faɗi daga safe har yamma. Na baya shi ne na Mai Buroshi: taga ɗaya, dogon tebur, gwangwanayen fenti a jere bisa launi, da buroshi ashirin da uku a cikin kwalba, kowanne gashinsa a sama.

Wata Juma'a Manaja ya shigo ɗakin bayan riƙe da tef ɗin awo.

"Yaya, ba raini ba ne," ya ce, yana kallon bango maimakon fuskar yayansa. "Na sayi injin yanka sitika. Nan da kwana goma sha biyar za a kawo shi, ranar Asabar, kuma babu inda zai zauna sai nan."

"Nan akwai mutum."

"Na sani. Amma yaushe rabon da wani ya shigo ya ce a rubuta masa allo da hannu?"

"Watan jiya."

"Lambar gida ce, Yaya. Lambobi biyu kacal."

"Je ka duba su, har yanzu a miƙe suke. Banar da ka buga wa mai kemis bara fa? Rana ta mai da ita fara fat kamar zanin gado."

Manaja ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. "To mu yi haka. In aiki na gaske ya shigo kafin Asabar ɗin, ɗakin naka ne, ni zan san yadda zan yi da injina. In bai shigo ba, sai mu kai teburinka gida."

Mai Buroshi ya karɓi tef ɗin daga hannunsa, ya naɗe shi tsaf, ya miƙa masa. "Na ji," ya ce.

Ranar Lahadi 'yarsa Auta ta zo gida. Malamar lissafi ce a wata sakandare, tana da aure da 'ya'ya biyu, amma har yau ita ce Auta. Ta zo da labari: wata mai zanen gine-gine da aka ba gyaran tsohuwar tashar jirgin ƙasa tana neman mai rubutun hannu, alluna talatin da huɗu, don tana son su koma yadda suke a da. Ba a kai takarda ofis. Matar ta ce duk mai so ya nuna kansa a dandalin ma'aikata da masu sana'a na intanet, kuma ranar Alhamis ta mako mai zuwa za ta rufe.

Auta ta buɗe masa shafi a wayarsa, ta rubuta shekarunsa a sana'a, ta sa hoton fuskarsa a cikin 'yar da'ira. A saman da'irar akwai wani dogon fili mai ruwan toka, babu komai a ciki.

"Wannan fa?"

"Nan ake sa dogon hoto, Baba. Kamar allon saman shago ne. Ba dole ba ne, wasu ma haka suke barinsa."

"Shago ba allo?" Ya gyara zama. "Nawa ne awonsa?"

Ta duba ta karanta masa: dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin da huɗu a kwance, ɗari uku da casa'in da shida a tsaye. Ya rubuta a tafin hannunsa. Washegari ya kwafe lambobin a bangon ɗakin baya da fensir, da kalmar sirrin shafin a ƙarƙashinsu, sannan ya tafi wajen kafinta.

Kwana huɗu ya yi a kan katakon. Ya goge shi da samfefa har ya yi santsi, ya shafa farin fenti na ƙasa, ya jira, ya shafa kore mai duhu sau biyu. Ya buga zare mai alli ya fitar da layuka, ya rubuta RUBUTUN HANNU da ruwan ɗorawa, kowane harafi da 'yar inuwarsa ja a gefen dama, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe: alluna, ƙofofi, motoci.

Da Auta ta biyo ranar Juma'a bayan an tashi makaranta, ta ga katakon jingine a bango, sai ta dafe tebur tana dariya har da hawaye.

"Baba! Milimita ka yanka? Fiksel ne fa!"

"Mene ne fiksel?"

"Ɗigo ne, ɗan mitsitsi, a fuskar waya. Ba katako suke nufi ba, hoto suke nufi."

"Ɗigo nawa a kwance?" Ta faɗa. "Nawa a tsaye?" Ta faɗa. "Raba min na farko da na biyu, Malama."

Ta lissafa a ka. "Huɗu."

"Katakona ma huɗu bisa ɗaya ne. Nuna min kuskuren."

Ta share hawayenta. "Babu," ta ce. "Sai dai mutane a kwamfuta suke haɗawa."

"Mutane su haɗa."

Ɗaukar hoton aikin Mai Hoto ne, maƙwabcin shagonsu, sa'ansa kuma abokin faɗansa tun suna samari. Ranar Asabar ya shigo da babbar kyamararsa da fitilu biyu masu lema, yana haki.

"Na ɗauki amare, na ɗauki jarirai, na ɗauki gawurtattun 'yan kasuwa," ya ce yana kafa ƙafafun kyamarar. "Yau ga ni ina cewa katako ya yi murmushi."

"Shi dai ba zai rufe ido ba, balle ka ce laifinsa ne."

Hoton ya fito tas. Mai Hoto ya tura shi cikin wayar Mai Buroshi, suka haɗa kai a kan ɗan gilashin, suka danna inda Auta ta nuna. Wata 'yar ƙafa kamar ta keke ta fara juyawa a fuskar wayar. Ta juya, ta juya, sai jan rubutu ya fito: ba a iya ɗora hoton ba, a sake gwadawa. Suka sake. Suka fita bakin titi ko sabis ne, suka sake. Sau shida.

Suka kira Auta. Ta ce su duba nauyin hoton.

"Hoto yana da nauyi?" in ji Mai Buroshi.

"Yana da shi mana," Mai Hoto ya ce. "Naka ya ɗebo halin mai shi. Megabait arba'in da ɗaya, su kuma takwas suke karɓa."

Mai Hoto ya koma shagonsa ya rage shi zuwa shida. Jan rubutun ya dawo. Auta ta ce to su duba harufan da ke ƙarshen sunan fayil ɗin, wataƙila irin wanda kyamara ke ajiyewa ne, dandalin ba ya karɓar irinsa. Haka ne kuwa. Mai Hoto ya mai da shi irin da kowa ke amfani da shi, yana mita cewa a zamaninsa ruwan wankin hoto uku ne kawai kuma hoto bai taɓa ƙin fitowa ba. Wannan karon ƙafar ba ta ma juya ba. Manhajar ta tsaya cak, ta yi fari, ta rufe kanta.

Ranar Litinin da safe ya kai wayar wajen mai gyaran waya na ƙarshen layi. Mutumin ya latsa nan ya latsa can, ya girgiza kai.

"Baba, wayar nan ta cika maƙil, ko numfashi ba ta yi. Ga manhajojinta duk sun tsufa, ba wurin sabunta su. Sai an share ta gaba ɗaya an sake zuba mata komai."

Wayar ba tasa ba ce tun asali. Ta babban ɗansa ce, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce, yana da shekara talatin da ɗaya, bayan jinyar kwana shida. Shi kaɗai ne cikin 'ya'yan ya ɗauki buroshi. A cikin wayar akwai hotuna dubu biyu da ɗari da wani abu, yawancinsu na alluna, wasu na ƙafar tsani da aka ɗauka bisa kuskure. Akwai saƙonnin murya, ciki har da wani mai daƙiƙa tara inda yake cewa jan fenti ya ƙare, a taho da shi. Mai Buroshi ya sa layinsa a ciki, bai taɓa goge komai ba.

"Zan kwashe maka su a kati tukuna," mai gyaran ya ce. "In na gama sai in mayar."

"A yadda ya bar su za su koma?"

"Kusan haka."

"Kusan." Ya miƙa hannu. "Ba ni wayar."

Ya dawo shago ya tarar da Manaja a gaban kwamfutarsa yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Yaya, zo ka gani. Na ga kalmar sirrin a bango, na ce bari in hutar da kai. Minti biyar."

A saman shafin Mai Buroshi, inda filin toka yake, yanzu akwai shuɗin bango mai ƙyalli, da hoton wani buroshi da ba a taɓa tsoma shi a fenti ba, da sunan sana'ar cikin harufan kwamfuta masu lanƙwasa. Mai Buroshi ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Cire shi."

"Haba Yaya. Ya hau fa! Kwana uku kuna fama."

"Matar nan mai rubutun hannu take nema. In sa mata rubutun inji a ƙofata, in ce mata ni ne? Cire shi."

"Wa zai sani?"

"Ni."

Manaja ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya cire. Filin toka ya dawo.

"Amma na gode," in ji Mai Buroshi, ya jawo kujera. "Naka ya hau daga nan ba gardama. Ke nan shafin lafiyarsa lau, wayar ce ba za ta iya ba. Matsa min. Kira Mai Hoto ya kawo nawa."

A kwamfutar Manaja hoton ya hau a daƙiƙa kaɗan. Mai Hoto ya ɗaga hannu zai yi tafi, sai hannun ya tsaya a sama. Da'irar da fuskar Mai Buroshi ke ciki ta zauna daram a kan ɓangaren hagu na allon. Ta cinye rabin harufa uku na farko, ta rufe kalmar farko ta ƙananan baƙaƙen ɗungurungum.

"Ka ga kanka ya tare maka hanya," Mai Hoto ya ce. "Na daɗe ina faɗa."

"Ba a iya matsar da da'irar," in ji Manaja. "Amma zan iya yanko rubutun in tura shi dama. Ba wanda zai lura."

"Inuwar harufan za ta bi? Hatsin katakon zai bi?"

Manaja ya janye hannunsa daga kan kwamfutar.

Mai Buroshi ya shiga ɗakinsa ya fito da rular ƙarfe. Ya ɗora ta a kan gilashin kwamfutar, Manaja yana cewa a yi a hankali kada a karce masa. Ya auna faɗin allon, ya auna inda da'irar ta fara da inda ta ƙare. Ya ce Mai Hoto ya buɗe shafin a tasa wayar, ya auna a can ma, ya ga a waya da'irar ta fi cin wuri. Ya ɗauki mafi munin awon biyu, ya yi lissafinsa a bayan wata takarda.

"Na taɓa rubuta allon wani tela da falwayar lantarki ke tsaye a gaban shagonsa," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Sau biyu wasu suka rubuta masa, falwayar tana raba sunansa biyu. Ni tsallaka titi na yi, na tsaya inda mai wucewa ke tsayawa, na ga abin da ta rufe, na bar mata wurinta."

Ran nan ya kankare aikin kwana huɗu. Matarsa ta aiko da abincin rana, ya huce a kan taga. Ya sake shafa koren, ya buɗe tagar, ya aro fankar Manaja ba tare da ya tambaya ba. Talata ya ɗaura alli a zare ya zana rabin da'ira a kusurwar hagu, ya bar cikinta kore zalla, ya matse harufan zuwa dama, ya rage musu faɗi kaɗan ba tare da ya rage musu tsayi ba. Laraba ya sa inuwa. Masu shigowa karɓar bana suna leƙowa suna tambayar Manaja ko allon wane ne, shi kuma yana cewa na intanet ne, su yi dariya su fita. Mai Buroshi bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Alhamis da safe, ranar rufewa, Mai Hoto ya sake kafa fitilunsa. Wannan karon ya san nauyi, ya san irin fayil. Hoton ya hau, da'irar ta faɗa daidai cikin wurin da aka bar mata, ko gashin harafi ɗaya ba ta taɓa ba.

Manaja ya sunkuya ya duba, kuma da zuciya ɗaya ya yi maganar. "Kai, Yaya, ya yi kyau. Wallahi ba ka bambanta shi da na kwamfuta."

Mai Buroshi ya matso ya duba. Gaskiya ne. Fitilun biyu sun daki katakon ta gaba, sun shafe komai. Koren ya zama shimfiɗe kamar leda, harufan sumul, babu alamar hannu ya bi ta wurin.

"Kashe fitilun nan," ya ce wa Mai Hoto.

"Me kuma?"

"Kashe su. Kama can."

Suka ɗauki katakon suka kai shi gefen tagar ɗakin baya, inda hasken safe ke shigowa a karkace. Ya juya shi kaɗan-kaɗan har sai da kowane layin gashin buroshi ya tashi a jikin fentin, da ɗan tudun da ke ƙarshen kowane harafi inda hannu ya ɗaga, da wani ƙullin katako da ya leƙo ta ƙarƙashin koren.

"Wannan hoton zai zubar min da mutunci," in ji Mai Hoto. "Gefe ɗaya haske, gefe ɗaya duhu. Kada ka ce ni na ɗauka."

"Ba wanda zai tambaya. Ɗauka."

Kafin azahar ya hau. Auta ta duba daga makaranta ta aiko cewa ta tura wa matar shafin.

Amsa ta zo Juma'a da yamma, layi biyu. Matar ta tambaya ko allon da ke saman shafin katako ne na gaske, in haka ne tana so ta zo ranar Litinin ta gan shi, ta ga kuma wurin da aka yi shi.

Asabar da hantsi motar kaya ta tsaya a ƙofar shago, maza huɗu suka sauke injin a cikin akwatin katako. Manaja ya yi musu jagora har ƙofar ɗakin baya. A nan suka tarar da Mai Buroshi zaune a kan kujerarsa a tsakiyar ƙofar, yana wanke buroshi a gwangwanin kananzir.

"Yaya, mun yi magana. Aiki na gaske muka ce. Wannan zuwa gani ne kawai, ba ta ce ta ba ka ba."

"Ba ta ce ba."

"To?"

"Ta ce za ta zo ganin wurin da aka yi shi. Wurin za ta tarar."

"In ta zo ta ce a'a fa?"

"Sai ta faɗa a cikin ɗakina."

Ɗaya daga cikin masu ɗaukar kayan ya ce, "Maigida, abin nan da nauyi fa. Ina za mu ajiye?"

Manaja ya dubi yayansa. Yayan ya matse gashin buroshin da tsumma, ya ɗaga shi ga haske ya duba bakinsa, ya ɗauki na gaba. Daga shagon maƙwabta Mai Hoto ya leƙo da kofin shayi a hannu, ya jingina da ƙofa don kada komai ya wuce shi.

"Ku ajiye shi a nan," Manaja ya ce a ƙarshe, yana nuna ɗan lungun da ke tsakanin kanta da bango. "Zuwa Litinin."

Suka tura akwatin ciki da ƙyar. Ya cinye rabin hanyar, har sai mutum ya juya gefe kafin ya wuce.

"Ku ƙara matsar da shi taƙi ɗaya," in ji Mai Buroshi daga inda yake zaune. "Alluna talatin da huɗu za su bi ta nan."